Architect da Hausa: mai zanen gini ko mai tsara gini?

1/ 'Yan uwa, ku zo mu tsayar da magana ɗaya kan kalmar architect. A wurin gini, a Kano ne ko a Katsina, duk wanda ya sauko daga mota da hular kwano da naɗaɗɗen fulan a hammata, Injiniya leburori ke ce masa. Wannan kuɗin goro da ake yi wa sunan yana tauye wata sana'a guda.

2/ Doka ta raba akitek da injiniya tun tuni. ARCON, hukumar da ke yi wa akitek rajista a Najeriya, an kafa ta a 1969. COREN ta injiniyoyi ta biyo baya a 1970. Namadi Sambo akitek ne, Kwankwaso injiniyan ruwa ne, El-Rufa'i kuwa ƙiyasin kuɗin gini ya karanta.

3/ Abin da ya sa na damu shi ne aikin yi. Sashen koyar da sana'ar akitek ya taso daga Ibadan zuwa Zariya a 1955, tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yau BUK da ATBU ta Bauchi da jami'ar Wudil duk suna yaye ɗalibai. Amma yaro na gama hidimar ƙasa sai ya kama hanyar Abuja ko Legas, don manyan ofisoshi da manyan kwangiloli can suke, musamman tun da gwamnati ta koma Abuja a 1991. Injiniyoyi kuma ga Fatakwal da aikin mai na jan su.

Wannan dalili ne na gaske, sai dai akwai na cikin gida. Mai fuloti a unguwa yakan kwafo fulan gidan abokinsa, ya miƙa wa birkila, ya sayi bulo da rodi. Ya san kuɗin siminti, ya san na kafinta. Mutumin da bai san sunan aikinsa ba kuwa, ta ina zai ware masa kaso?

4/ Wani dattijo ya ce mu koma wa magini. Ranka ya daɗe, da a ce zamanin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, wanda ya gina masallacin Juma'ar Zariya a ƙarni na 19, da ban ja ba. A lokacin mai tsarawa shi ne mai ɗora tubali da azara. Haka Falke Barmu na Yama a Nijar, da masallacinsa ya ci kyautar Aga Khan ta tsara gine-gine a 1986. Yau in ka ce magini, mai cokali da kwanon kwaɓa ake gani.

5/ Mai zanen gini shi aka fi ji a rediyo, kuma shi na fi ƙi. Da shi ne ake cewa, "Zane ne fa kawai, nawa za ka karɓa?" Alhali zanen shi ne ƙarshen aikin. Kafin a ja layi sai an yanke ina zaure zai fuskanta, wane ɗaki ranar yamma za ta dafa, ta ina iska za ta ratsa, yadda baƙo zai shigo bai hango tsakar gida ba, inda indararo zai zubar ba cikin gidan maƙwabci ba. Dubi aikin Mariam Issoufou, akitek 'yar Nijar, da abokiyar aikinta a garin Dandaji na Nijar a 2018: tsohon masallaci ya koma ɗakin karatu, aka tada sabo da tubalin ƙasa. Shawara ce aka yi kan yadda gari zai yi amfani da wurin.

Mai zayyana ma bai yi ba, hankali na tafiya kan adon bango.

6/ Ga inda na tsaya: mai tsara gini, jam'i masu tsara gini, sana'ar kuma tsara gini. Akitek ya zauna a gaban suna kamar Dakta. Mai zanen gini a bar wa wanda ke fitar da fulan a kwamfuta. Injiniyan gini shi ne mai lissafin rodi da kankare da nauyin da dakin, wato rufin kankare, zai ɗauka.

7/ Saura sana'ar El-Rufa'i. Mai ƙiyasin kuɗin gini ya yi tsawo a baki. Mutanen Maraɗi da Damagaram, yaya kuke kiransa a wurin aiki?