Musayar Waƙa: Ƙararrawar Lahadi a Bakin Binuwai

Dattijo daga Numan:

Salama gare ku, 'yan'uwa. Abin da ya tsaya mini a rai tun Lahadin da ta wuce a ekklesiyarmu ta Lutheran na zuba shi a waƙa. Amsa-amon "ya" ne, mai amsa ya ɗora a kai.

Da sunan Uba zan buɗe baki,
Da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki,
Shi ne Allah, shi ne Sarki,
Shi ke riƙe da ekklesiya.

Ƙararrawa ta kaɗa da safe,
Na ɗau sanda, ga ni tafe,
Binuwai na kwance a gefe,
Na kai ƙofa lafiya.

Na shiga na tarar benci wayam,
Fasto a bagadi tsaye ƙyam,
Mu goma ne, ba mu ƙaru ba sam,
Aka soma sujadar safiya.

Mun furta zunubi, kai a ƙasa,
An ce an gafarta daga bisa,
Masu bukatar ji suna nesa,
Sun rasa maganin zuciya.

Sai da kiɗa ya ɗauki zafi,
Lokacin baiko, rawa da tafi,
Sannan jama'a ta shigo da ƙarfi,
Har ba masaka tsinke a tsakiya.

Ku ba ni amsa, manya da yara:
Wanda ya zo bayan an fara,
Ai ya bar hatsi ya kwashi kara,
Ya kai rumbu yana godiya.

Uwar Zumuntar Mata:

Baba, na durƙusa da ban girma,
Zancenku gaskiya ne, ba tantama,
Kafin ku yanke, ku saurare mu ma,
Mu masu shigowa da goyo a baya.

Talata a zumunta tulu muka buga,
Laraba asibiti muka shiga,
Wata ta haihu da ƙyar, da kun ga
Yadda muka kwana muna jinya.

Alhamis aka yi rashi a unguwa,
Mu ne itace, mu ne ruwa,
Mu ne girki da surfen dawa,
Mu ne zama da gwauruwa da maraya.

Bencin da kuka zauna a kai,
Da zanen bagadi fari sarai,
Wa ya gyara su? Mu ne dai,
Ran Asabar, da sabulu da tsintsiya.

Lahadi da asuba, yara da wanka,
A dama kunu, a ƙarasa daka,
Maza su sa riga su fice haka,
Su bar mu da yara da tukunya.

In maza sun kama mana da ƙauna,
Kafin ƙararrawa mun zo mun zauna,
Furcin zunubi muna so, Babana,
Mu ma da kayanmu a zuciya.

Ɗan Sabon Rai:

Baba da Mama, ɗanku ne. Ban kai ƙwar huɗu ba, ku karɓi ƙwar biyu.

Baba, kiɗan da kuka ce ya yi zafi,
Ni ke buga shi, ba na ƙarya.

Zabura ta 150 ta ce a yabe shi
Da ƙaho da molo da garaya.

Martin Luther da kansa ya tsara waƙoƙi
Da Jamusanci, don kowa ya iya.

Mu ma da Bachama muke yi, da Hausa,
Da Mbula da Lunguda, baki ɗaya.

Laifinmu guda na yarda da shi:
Lasifika na danne kowace murya.

Tsohuwa ta ɗaga baki ba a jin ta,
Zan sa a sassauta, ba jayayya.

Amma abokaina da yawa ba aiki,
Suna acaba har dare ya yi tsakiya.

In ganga ce ta jawo su ƙofa,
Ku bari wa'azi ya tare su a hanya.

Malamin Ajin Baftisma:

Gardamar nan ta tuna mini abin da nake koya wa yara duk Asabar. Baba, Mama, ku yi haƙuri in koma baya kaɗan.

A 1913 ɗan mishan Bronnum ya sauka
A Numan, likita ne, magani ya ɗauka,
Matarsa ta rasu a hanya, ya yi kuka,
Bai juya Denmark ba, ya ƙarasa tafiya.

Hannu ɗaya magani, ɗaya Littafi,
Bai tsaya auna wanne ya fi,
To Baba da Mama, ku riƙe da ƙarfi,
Jinya da sujada uwarsu ɗaya.

A 1948 aka naɗa namu,
Fastocin farko daga cikinmu,
A 1973 Akila Todi, ɗanmu,
Ya zama bishop na fari a ekklesiya.

Musa Panti Filibus kuma,
A 2017 aka ba shi girma,
Can Namibiya aka zaɓe shi ya zama
Shugaban Tarayyar Lutheran ta Duniya.

Ƙaramar katekismar Luther ta 1529,
Maigida aka ce ya koya wa yara,
A gida ake so sujada ta fara,
Maza, ku ji, kar ku ba ta baya.

Amma Baba bai faɗi son rai ba,
Gafara kyauta ce, ba ciniki ba,
Mai makara bai ji shelarta ba,
Alheri ne, a karɓa da bangaskiya.

'Yar Guyuk da ke aure a Kaduna:

Ina karanta ku idona da ƙwalla,
Gida ya yi nisa, ga tsawon hanya.

Na tuna taron shekara a Demsa,
Mu kwana a tabarma, mu tashi da godiya.

A 2012 ruwa ya ci gonar yayata,
Bakin Binuwai, bai bar mata ƙwaya.

Kowace mace ta zo da mudun dawa,
Da shi ta kai damina lafiya.

Mama, ki gaida mini matan zumunta,
Zanena na nan a akwati, na yi ajiya.

Dattijo daga Numan:

Uwar Zumunta, na ji, jikina ya yi sanyi,
Na ƙirga benci na manta nauyi,
Aikin mako duka da kuka yi
Ban gan shi ba, na ji kunya.

Ran Juma'a dattawa za mu zauna,
Zan kai zancen maza da kaina,
Kowa ya tashi tun kafin rana
Ya ɗebo wa gidansa ruwa a rijiya.

Batun makara kuwa ban janye ba,
Malam ya faɗa, ban ƙara ba,
Kunnen da bai ji gafara ba
Da kayansa zai koma baya.

Lahadi mai zuwa Jibin Ubangiji,
Ku zo da wuri, mata da miji,
"Dominku aka bayar," kowa ya ji,
Mu durƙusa a bagadi sahu ɗaya.

Kai kuma ɗana, gobe da yamma
Ka zo da babur ka ɗauke ni ma,
Gidan makokin nan zan je in yi zama,
In gaida gwauruwa, in ga maraya.

Ɗan Sabon Rai:

To Baba, ƙarfe huɗu ina ƙofarku,
Ku sa hula, akwai ƙura a hanya.