Aristocrate: basarake ne ko ɗan gidan sarauta?

Jama'a, ina rubuta wa ɗalibaina taƙaitaccen tarihin Montesquieu, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: aristocrate, wadda Faransawa ke kiran ɗan babban gida mai darajar gado irinsa da ita. Ku taya ni nema.

Ga mutumin. An haife shi a 1689 a gidan gadonsu na La Brède, kusa da Bordeaux a Faransa, katafaren gini da ruwa ya kewaye. A 1716 baffansa ya rasu, ya bar masa dukiya da laƙabin baron (wani muƙamin gado na manyan gidajen Turai) da kujerar babban alƙali a kotun Bordeaux. Shi ne a 1748 ya fitar da littafin da ya yi bayanin raba iko tsakanin masu yin doka, masu zartarwa da masu shari'a.

Da farko na rubuta "jinin sarauta", na goge. Mai karatu zai ɗauka ɗan'uwan sarkin Faransa ne, alhali ba su haɗa kaka ba. "Attajiri" kuwa ko kusa. Yana da gonakin inabi, amma ba kuɗi ne suka sa ake rusuna masa ba.

"Basarake" ta fi jan hankalina, har na kwana da ita. Abin da ya hana ni shi ne 1726, shekarar da ya sayar da kujerar alƙalancin nan kamar mai sayar da gona. A wurinmu basarake da rawaninsa ake saninsa, in rawani ya tafi sunan ya bi shi. Shi kuwa ya rabu da kujera, darajarsa ba ta ragu da ƙwayar zarra ba, domin a gidan take, ba a kujerar ba.

Wata malama ta ce mini in duba gidan Waziri a Sakkwato: ba su ne ke gadon sarautar Sarkin Musulmi ba, amma tun zamanin Gidado wazirci da alƙalami na gidansu. Malama, Allah ya saka da alheri, kin warware mini.

Saboda haka na tsaya a kan "ɗan gidan sarauta". Faransawa sun kasa waɗannan gidaje biyu, na mayaƙa da na alƙalai. Na farkon zan ce sarautar takobi, na biyun sarautar alkyabba, tunda su ma da rigar alƙalanci suke kiranta.

Ga yadda na rubuta a allo: Montesquieu ɗan gidan sarautar alkyabba ne daga Bordeaux. Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku da kuka karanta shi da Faransanci, ya zauna muku a kunne?