Tundra 2005 mai injin 4.7: me zan duba?

Mai tambaya: Salam, iyayen gida. An yi mini tayin motar Toyota Tundra 2005, mai injin V8. Yaya ƙarfinta, ina kuma take ba da matsala?

Bakanike: Injin 2UZ-FE ne, lita 4.7, ƙarfin doki 282, giya biyar otomatik. Fara da belin taimin. Ana canza shi duk mil 90,000, tare da famfon ruwa. Injin 2005 yana da VVT-i, wato tsarin da ke sauya lokacin buɗe bawul; in belin ya tsinke fistin na iya dukan bawul, sai sauke inji.

Mai kayan gyara: Baƙin mai 5W-30, wajen lita shida da 'yan kai. Tayar da ita da sanyin safiya, Alhaji. In ka ji tak-tak da ke ɓacewa bayan ta yi zafi, bakin salansa da ke manne da inji ne ya tsage.

Direba: Leƙa ƙarƙashinta. In daga Amurka ta zo, gishirin da ake zubawa a titunansu lokacin ƙanƙara yana cinye shasi. Fetur kuwa, tana sha ba wasa.