Yaya ake sa wa aiki farashi bayan an gama karatu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena ya gama karatun lantarki, yana haɗa wayoyin gidaje a Hotoro, amma bai iya yanke kuɗin aiki ba. Me za mu koya masa?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam, Yaya. Ya raba kuɗin kaya da ladan hannu a takarda. Ya je Sabon Gari ya tambayi farashin waya, soket da bututu a ranar, domin farashi ba ya kwana. Ya rubuta cewa lissafin na kwana 7 ne kawai. Kafin ya fara, ya karɓi kuɗin kaya gaba ɗaya da rabin ladansa. Wanda ya sayi kaya da aljihunsa, shi ke bin bashi har a tare a gidan.

Amsa ta 2: Ƙari kan na Malam: ladan ya lissafa shi da yawan maki, wato kowane soket ko fitila, ba a dunƙule ba. In mai gida ya ƙara fanka daga baya, sai a ƙara maki ɗaya, babu jayayya.

Amsa ta 3: Ya riƙa ɗaukar hoton bututu kafin a yi fulasta.