'Yan'uwa da ke Guangzhou, yaya kuke yi da cin abinci a waje?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum. Kwanana tara a Guangzhou, na zo sarin yadi. Jiya yunwa ta kai ni wani gidan abinci, takardar duk rubutun Sinanci, ba hoto ko ɗaya. Na nuna kwanon wani, aka kawo min ganye da nama. Na yi ta tambayar naman mene ne, yarinyar sai murmushi take. Na biya na tashi ban taɓa ba, raina a ɓace. Burodi da shayi kawai nake ci, jikina ya fara saki. Don Allah a taimaka.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka nemi shagunan taliyar Lanzhou, galibi na Musulmi ne, allonsu kore, da alamar 清真, wato "qingzhen", halal ke nan. A unguwar Xiaobei suna da yawa. Taliyar a gabanka ake jan ta da hannu, a zuba romon naman sa. Kuma gara da ka tashi, domin a wasu wuraren ko ganye da kitsen alade ake soya shi.

Hajiya Mai Atamfa: Sannu ƙanena, ni ma na sha wannan wahalar. In an kawo butar shayi da roba, na farkon na ɗauraye kofi da tsinken cin abinci ne, kada ka sha. Cokali kuwa ka roƙa, suna bayarwa.

Ɗan Kwari: Allah ya saka da alheri. Na ɗauki hoton alamar a waya, gobe bayan azahar sai Xiaobei.