Sabo da tsoho kuɗi ɗaya? Ga abin da aka ce

Jama'a ga taƙaitaccen abin da aka tattauna kan ma'aikatan rabin rana da yadda albashin sabon ma'aikaci ke kusan kamo na tsoho, misalin da aka fi kawowa shi ne na kamfanin jigilar kaya na UPS a Amurka. A yarjejeniyar 2023 tsakanin kamfanin da ƙungiyar ƙwadago ta Teamsters, sabon ɗauka yana fara da dala 21 a awa, shi kuma wanda ya daɗe an ba shi ƙarin dogon aiki da bai wuce dala 1.50 a awa ba, to kun ga wanda ya shekara goma yana ɗora kaya sai ya ga yaron da ya shigo jiya ya kusa kamo shi, wallahi dole ran mutum ya ɓaci.

Mafi yawa suka ce kar a huce kan sababbi, ai ba su suka rubuta yarjejeniyar ba, kuma rabuwar kai kamfani take amfana. A karanta yarjejeniyar da kyau, a duba takardar albashi, in ƙarinka bai shigo ba ka je wurin wakilin ƙungiya ka kai ƙorafi a rubuce da wuri don akwai wa'adi. Ni dai shawarar da na fi so ita ce tsofaffi su riƙa zuwa mitin ɗin ƙungiya tun yanzu, yarjejeniyar za ta ƙare 2028.