Neman shawara: kunnena na hagu ya hana ni barci bayan aikin ɗame fuska

Saƙo daga wata 'yar uwa a Garwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Adda, don Allah ki sa min wannan a zaure, amma ki sakaya sunana, garin nan kowa ya san kowa.

Shekarata 51. Shekara uku da suka wuce aka gano ina da ciwon sukari, na kama dokar abinci sosai har na sauke kilo 19. Jiki ya yi daɗi, amma fuska ta zube, fatar ƙasan haɓata tana reto, duk gidan bikin da na shiga sai an ce "Hajiya lafiya kuwa? Ko ciwon ne?" Abin ya daɗe yana ci min rai. Da na samu hali sai 'yata ta raka ni Tunis aka yi min aikin ɗame fatar fuska da wuya, wanda a can suke ce wa liftin. In ban da maigida da 'yar tawa, kowa ya ɗauka duba sukari na je.

Yau kwana 13 da aikin. An yanka ta gaban kunne, aka zagaya ta ƙasansa, aka bi ta baya har cikin gashi. Zaren gaba an cire a kwana na 7, na baya suka ce da kansa zai narke. A kwana na 9 muka taso, jirgi uku, ta Kazabalanka da Duwala.

Kunnen dama ba ya ciwo, sai dai ya mutu murus, in na taɓa kamar na wani nake taɓawa. Na hagu ne ya hana ni sakat. Tun a can nake jin wani abu yana tsarga min kamar wutar lantarki, daga wurin hudar ɗankunne ya gangara wuya, ya ɗauke, ya dawo. Tun saukarmu Duwala kuma ya toshe, ina jin muryata tana yawo a cikin kaina. To shekaranjiya sai wani sabo ya zo: bayan kunnen yana zugi dum-dum, wurin ya yi ɗumi, yau da asuba na ga ruwa-ruwa rawaya a rigar matashi, faɗinsa kamar tsabar dala ashirin.

Robar ɗaure fuska da suka ba ni ina sa ta dare da rana, in ɗaura ɗankwali a kai, in zura hijabi saboda masu zuwa sannu da zuwa, ga zafin Afrilu na Garwa kun san shi. Na tura wa asibitin hoto ta WhatsApp, wata ta amsa cewa haka abin yake, in yi haƙuri. Ina shan dikulofenak da yaro ya sayo min wurin mai tebur, ya lafa na awa uku ya dawo.

Haka kowa ke ji, ko wani abu ya lalace? Akwai abin da zan yi a gida? Gaskiya ba na son zuwa asibiti a nan. Ƙanwar maigida can take aiki, in ta sani dangi duka sun sani.

Maman Sadiya, Gaundare

Wayyo sannu Hajiya, Allah ya ba ki lafiya. Ki ɗan ɗumama man zaitun da tafarnuwa ki ɗiga a ciki, sannan ki gasa bayan kunnen da tsumma mai ɗumi. Haka nake yi wa yarana in kunne ya dame su.

Anti Nas, Marwa

Wa alaikumus salam. Maman Sadiya, na san da zuciya ɗaya kika faɗa, amma a nan kada a yi ko ɗaya. Hajiya, kada ki ɗiga komai, kada ki gasa, kada ki zura tsinken auduga. Fatar da ta mutu ba ta jin zafi, za ki ƙone ba ki sani ba, kuma mai a kan ɗinki gida ne na ƙwayar cuta.

Shekarata 17 ina aiki a ɗakin waɗanda aka yi wa fiɗa. Abin da kika zayyana ba ciwo ɗaya ba ne, uku ne, kuma ba duka ke ba ni tsoro ba.

Mutuwar kunnen dama da tsargawar na hagu duk daga jijiya ɗaya ne. Akwai wata jijiyar ji da ke fitowa daga wuya, ta ratsa kan babbar tsokar gefen wuya kamar santimita 6 da rabi ƙasa da ramin kunne, ta hau ta ciyar da ƙasan kunne da fatar da ke kewaye. A wannan aikin ita ce jijiyar da aka fi taɓawa, domin daidai hanyarta ake ɗaga fatar. Ko ba a yanke ta ba, ja da kumburi kaɗai sun isa su sa ta yi shiru. In ta fara farfaɗowa sai tsargawa, sai ƙaiƙayi, sai kamar tafiyar kiyashi. Wannan yana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni, haƙuri ne maganinsa.

Toshewar kuma sau da yawa jini ne ko ruwan wankin ciwo da ya gangara ramin kunne lokacin aiki ya bushe a ciki, ga kumburi ya matse ƙofar. Saukar jirgi har sau uku ita ma tana danne dodon kunne. Abu ne na minti kaɗan a wurin likita mai fitilar leƙa kunne.

Na ukun ne ya sa na ajiye abin da nake yi na rubuto. Ciwon aiki kullum baya yake yi. Ciwon da ya zo sabo a kwana na 11, yana zugi, wuri ya yi ɗumi, yana fitar da ruwa, a gefe ɗaya, a jikin mai sukari, wannan a wurinmu ɗinki ne ya kamu har sai likita ya duba ya ce ba haka ba. Bayan kunne shi ne inda fatar ta fi siranta kuma ta fi shan ja, jini bai cika isa can sosai ba, shi ya sa nan ne ya fi saurin ɓaci. Ke kuma kin rufe shi da roba da ɗankwali da hijabi a zafin da ya haura digiri 40, gumi yana kwana a wurin. Abin da nake gudu shi ne cutar ta shiga guringuntsin kunne. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini nasa, daga fatar da ta lulluɓe shi yake ci, in mugunya ta shiga tsakani sai ya lalace, kunne ya nannaɗe, kuma ba ya komawa yadda yake.

Gobe da safe ki nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro, ORL, ko likitan fiɗa. Amma in kin ga ɗaya daga cikin waɗannan kada ki jira gari ya waye: zazzaɓi ya kai 38, gefen fuska ko wuya ya kumbura farat ɗaya ya yi tauri, fatar bayan kunne ta yi baƙi, saman kunnen kansa ya kumbura ba ya taɓuwa, ko baki ya karkace, ko ido ya ƙi rufuwa.

Dikulofenak ki ajiye shi yau. Yana ƙara zubar jini, kuma ba ya shiri da ƙodar mai sukari, balle na tebur da ya sha rana. Farasitamol ya isa, giram 1 duk awa 6, kada ya wuce giram 4 a yini da kwana. Kada ki sayi maganin kashe ƙwayar cuta da kanki. Ki auna sukarinki yanzu ki gaya min.

Zancen ƙanwar miji kuwa, Hajiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sirrin maras lafiya amana ne a wuyanmu, doka ma ta hana mu fitar da shi. In duk da haka ranki bai kwanta ba, ki je asibitin kuɗi a wata unguwa. Amma ki je.

Ummu Abdallah, Kusiri

Allah ya ba ki lafiya 'yar uwa. Amma gaskiya sai an faɗa, wannan canza halittar Allah ne, ki yawaita istigfari. Tsufa ai ba cuta ba ne.

Adda mai kula da zaure

Ummu Abdallah, an ji nasiha, Allah ya saka. Hukuncin aikin ta kai wa malamai, su za su ji dalilinta su auna. Yanzu dai an riga an yi, mace ce da ciwo a jiki tana neman taimako. Duk wadda ta sake ɗauko wannan zancen a ƙarƙashin saƙon nan zan goge. Irin haka ne ke sa mata ɓoye ciwo har ya ci su.

Hajiya Babba, Injamena

Ƙanwata, ni na yi wannan aikin a Istambul bara waccan, don haka daga jikina nake ba ki labari. Ki tashi yanzu ki tsaya gaban madubi, ki cire robar nan, ki sa 'yarki ta haska bayan kunnen da fitilar waya. Ni kwana huɗu ina kuka da kunne ashe robar ce ta ninke min samansa, tun da wurin a mace yake ban ji lokacin da ya lanƙwashe ba. Da aka cire sai ga layi ja ya kwanta kamar an ɗaure da igiya. Suka nuna min yadda ake shimfiɗa kunnen sosai, a sa auduga mai laushi a baya, sannan a mayar da robar sakwa-sakwa yadda yatsa zai shiga. Ki tambayi likitanki ma ko har yanzu sai kin sa ta da rana, ni bayan mako biyu da dare kawai nake sawa.

Ki kwanta rigingine, matashi biyu ko uku, kada ki juya kan kunnen. Waya ki sa ta a sifika. In kina sa tabarau ki lura da ƙafarsa, daidai kan ɗinkin take zama. Ɗankunne ki manta da shi tukuna, nauyin zinari yana jan ƙasan kunne ya ɓata ɗinkin.

Sai abin da mu matan nan ba ma rabuwa da shi: kaskon turaren wuta, dilka, halawa, da man ƙara haske. Duk ki jingine. Ni a wata na biyu na sunkuya kan kasko, ƙasan kunnena ya tashi bororo ban ji komai ba, 'yar aikina ce ta gani. Jina bai dawo daidai ba sai wajen wata na biyar. Kuma fatarmu ta baƙar mace tana son yin tabo mai tudu, musamman a kunne. In kin ga layin ya fara kauri yana ƙaiƙayi bayan ya warke, ki koma da wuri, akwai allura da wani man silikon da ake sawa.

Amma ruwan rawaya ni ban yi shi ba. Wannan ki bi maganar Anti Nas.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti, na auna sukarin, giram 2.4 ne a lita, alhali da safe ban saba wuce 1.3 ba. Zafin jiki 37.6. Mun cire robar, saman kunnen a ninke yake kamar yadda Hajiya Babba ta ce, kuma 'yata ta ce akwai wuri a baya kamar tsawon farce da ya buɗe. Na yi kuka wallahi. Wani abin kuma, in na yi sujada sai in ji kamar kunnen zai fashe, alwala ma tsoron shafar kunnen nake.

Anti Nas, Marwa

Sukarin da ya tashi haka ba dalili shi ma shaida ne. Ki rufe wurin da kwamfires mai tsabta, wato ƙyallen nan na rufe ciwo, kada ki shafa komai, ki bar robar a cire har likita ya gani. Ki tafi da duk takardun da suka ba ki a Tunis da kwalayen magungunanki.

Malama Inna, Yelwa

'Yata, addini bai matsa miki ba. Imrana ɗan Husaini ya kai kukan rashin lafiya wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Hadisin yana cikin Buhari. Ki yi nuni da kai a madadin sujada har likita ya sake ki. Shafar kunne a alwala sunna ce a mazhabarmu ta Malikiyya, barinta saboda ciwo ba ya ɓata alwala. Inda bandeji ya rufe a gefen fuska kuwa, shafa a kansa ta wadatar. Allah ya sa kaffara ne.

Mai tambaya, bayan kwana biyu

Salamu alaikum. Na je jiya, maigida ne da kansa ya kai ni. Likitan ya leƙa da fitila, ya zuƙo wani busasshen jini baƙi kamar ƙwayar wake, nan take na ji ƙarar fanka da hayaniyar 'yan moto a waje. Dodon kunnen lafiya lau. A baya kuma ya ce zare biyu ne suka kamu, ya cire su, ya matse mugunya kaɗan, ya ɗauki samfur an kai awo. Ya ce bai kai guringuntsi ba. Ya rubuta min maganin sha na kwana 7, wankin ciwo kullum, ya ce in koma wurin likitan sukarina a gyara min magani. Wurin da ya buɗe ba za a sake ɗinkewa ba, da kansa zai cike daga ciki.

Daren jiya na yi barci har aka kira assalatu ban sani ba. Tsargawar tana nan, amma zugin ya ragu sosai.

Ƙanwar maigida kuwa a bakin ƙofa muka yi kiciɓis. Ta kalli bandejin, ta kalle ni, ta karɓi jakata ta shiga da ni. Yau da safe ita ta zo gida ta wanke min ciwon.

Anti Nas, Marwa

Alhamdu lillahi. Ki shanye maganin har ƙarshe ko kin ji sauƙi, kuma ki koma karɓar sakamakon awon, wataƙila a canza miki wani. Ki tura wa likitan da ya yi aikin hoton wurin da takardar likitan nan, ki ce shi kike so ya gani, ba mai amsa waya ba. Ranar Juma'a ki gaya min nawa sukarin yake.